Sankarar Huhu: Shafin da Hayaƙi Ya Liƙe Yana Iya Buɗuwa

Akwai wata magana da muka sha ji a bakin masu shan taba, musamman waɗanda suka manyanta. In ka ce wa mutum ya bari, sai ya yi murmushi ya ce, "Haba, shekara ashirin ina sha. In ɓarna ce ai ta riga ta auku, bari yanzu me zai ƙara mini?" Wani kuma ya ce, "Kakana ya sha taba har ya tsufa, bai taɓa kwana a asibiti ba." Maganganun nan biyu suna da daɗi a kunnen mai sha, amma sun kai mutane da yawa kabari da sauran ƙarfinsu, sun bar mata da 'ya'ya cikin wahala.

A wannan mako muna so mu amsa magana ta farin, wato ta mai cewa ya riga ya makara. Za mu amsa ta da wani reshe na ilimin likita wanda masana ke kira efijenetik. Sunan baƙo ne, amma abin da yake koyarwa ba shi da wuyar ganewa. Yana nuna cewa ɓarnar da hayaƙi ke yi wa huhu iri biyu ce, ɗaya tana da wuyar gyara, ɗayar kuwa tana iya warwarewa. A kan wannan ta biyun ne likitoci ke neman sababbin magunguna, a kanta ne kuma mai shan taba yake da abin da zai iya yi wa kansa tun yau.

GIRMAN MATSALAR

Cikin dukan ire-iren sankara, wadda ake kira ciwon daji, babu wadda ta kai ta huhu kisa. Lissafin hukumar binciken sankara ta duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 mutum wajen miliyan 2.5 suka kamu da ita, wajen miliyan 1.8 kuma suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shan taba ne sanadin kusan kashi 85 cikin ɗari na masu kamuwa. Ba abin mamaki ba ne, gama a cikin hayaƙin taba akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga cikinsu kuma an tabbatar suna kawo sankara.

Abin da ya sa cutar ke kisa haka shi ne, ba ta cika nuna kanta da wuri ba. Ƙari yakan yi ta girma a cikin ƙirji shiru, sai ya yi nisa sa'an nan tari da rama da ciwon ƙirji su bayyana. A ƙasashenmu akwai ƙarin matsala, domin alamunta sun yi kama da na tarin fuka. Mutum yakan yi watanni yana shan maganin tarin fuka kafin a gane cewa ba ita ke damunsa ba.

LITTAFIN DA KE CIKIN JIKINMU

Kafin mu gane abin da hayaƙi ke yi, sai mu fara duban yadda jiki yake. An gina jikin mutum da 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani siririn zare da ake kira DNA, wanda in aka miƙe shi zai kai tsawon mita 2. A jikin zaren nan ne aka rubuta gadon da muka samu daga uwa da uba. Haruffa huɗu kaɗai aka yi rubutun da su, wato A, C, G da T, amma an jera su har kimanin biliyan 3. Mu ɗauke shi kamar babban littafi mai shafi wajen 20,000. Kowane shafi umarni ne na yin wani abu guda da jiki ke bukata. Waɗannan shafuka su ne ake kira ƙwayoyin gado.

To, ga abin tambaya. Littafin da ke cikin ƙwayar ido shi ne dai ke cikin ƙwayar hanta da ta huhu, ba bambanci. Me ya sa ido bai zama hanta ba? Amsar ita ce, ba kowane shafi ne kowace ƙwaya ke karantawa ba. Ƙwayar huhu tana buɗe shafukan da suka shafi aikin huhu, sauran kuwa a liƙe suke, kamar yadda mutum zai shafa ƙaro ya manne shafi biyu na littafi. Rubutun yana nan bai goge ba, sai dai ba a iya karanta shi.

Jiki yana da manyan hanyoyi biyu na yin wannan liƙi. Ta farko ita ce wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil, wanda ake maƙalawa a kan harafin C a inda G ke biye da shi. In metil ya taru a farkon shafi, shafin ya rufu ke nan. Ta biyu kuma, zaren nan a naɗe yake a jikin wasu 'yan dunƙule da ake kira histon, kamar yadda ake naɗe zare a mazari. In naɗin ya yi tsauri ba a iya karanta wurin, in ya sassauta sai a karanta. Ilimin wannan buɗewa da rufewa shi ne efijenetik. Wani masani ɗan Ingila, Conrad Waddington, shi ya ƙago sunan a 1942.

Abin lura shi ne, liƙin nan yana canzawa da irin zaman da mutum ya yi. A 2005 masana a ƙasar Sifen suka bincika tagwaye masu kama ɗaya, mutum 80, daga ɗan shekara 3 zuwa mai shekara 74. Tagwaye irin waɗannan littafinsu ɗaya ne. Aka tarar cewa a yarinta liƙinsu kusan iri ɗaya ne, amma a cikin manya ya bambanta ƙwarai, musamman waɗanda suka daɗe ba su zauna wuri ɗaya ba. Ashe ko Hasan da Husaini, abin da kowannensu ya ci, ya sha, ya shaƙa, yana barin alama a jikinsa.

ƁARNA IRI BIYU

Ɓarna ta farko da hayaƙi ke yi ita ce canza harafi. Gubar taba takan manne wa zaren, sa'ad da ƙwaya ta zo kwafe littafinta domin ta rabu biyu, sai ta rubuta wani harafi a maimakon wani. Wani bincike da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa mai shan kwalin taba ɗaya kullum, a shekara guda kowace ƙwayar huhunsa takan sami irin wannan kuskure har wajen 150. Harafin da ya canza kuwa ba ya komawa da kansa.

Ɓarna ta biyu ita ce ta liƙi. A cikin littafin akwai shafukan da aikinsu tsaro ne. Akwai mai suna p16, wanda yake kamar birki a mota, shi ke tsayar da ƙwaya kada ta yi ta rabuwa ba iyaka. Akwai kuma MGMT, wanda yake kamar makanike, yana gyara inda guba ta taɓa zaren. Hayaƙi yakan sa metil ya taru a kan irin waɗannan shafuka har su rufu. Birkin yana nan lafiyarsa lau, amma an ɗaure shi. A wasu wurare kuma akasin haka ke faruwa, shafukan da ya kamata su zauna a rufe sai su buɗe. Tun 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa tsarin metil a ƙwayoyin sankara a hargitse yake.

A 2017 wasu masana na wannan jami'a, cikinsu har da Stephen Baylin, suka yi wani gwaji mai koyarwa. Suka ɗauki lafiyayyun ƙwayoyin hanyar numfashi na mutum, suka yi ta jiƙa su da dattin hayaƙin taba a ɗakin gwaji har wata 15. Sannu a hankali shafukan tsaro suka yi ta rufuwa. A ƙarshe suka sa wa ƙwayoyin kuskuren harafi guda ɗaya tak, a wani shafi mai suna KRAS, sai suka rikiɗe suka zama sankara. Ƙwayoyin da ba a jiƙa da hayaƙi ba, wannan kuskure ɗaya bai isa ya juya su ba. Wato liƙin shi ke share fage, kamar yadda rani ke busar da ciyawa, sa'an nan ashana ɗaya ta isa ta cinye daji.

Wannan ya taɓa maganar mai cewa kakansa ya sha taba bai mutu ba. Ba kowace busasshiyar ciyawa ce wuta ke kamawa ba, amma mai hankali ba ya tara ta a bakin rumbunsa.

SHAIDA A CIKIN KAKI

Amfani na farko da aka nema daga wannan ilimi shi ne gane cutar da wuri. Steven Belinsky, wani masani a cibiyar binciken numfashi ta Lovelace a jihar New Mexico ta Amurka, ya nuna a 1998 cewa rufuwar p16 tana cikin abubuwan farko da ke faruwa a hanyar zuwa sankarar huhu. A shekarar 2000 shi da abokan aikinsa suka duba kakin tari na mutum 21 masu wani nau'in sankarar huhu. A kakin kowannensu an ga p16 ko MGMT a liƙe, a wasu ma har shekara 3 kafin likita ya gano cutar.

A 2008 kuma Malcolm Brock, likitan fiɗa a Johns Hopkins, ya duba marasa lafiyar da aka yanke musu ƙari tun yana ƙarami. Ya ga cewa waɗanda p16 da wani shafi mai suna CDH13 suke a liƙe a jikinsu, su ne cutar ta fi saurin komo musu. Irin wannan sani zai taimaki likita ya san wanda zai fi sa wa ido bayan fiɗa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, gwajin da aka tabbatar yana rage mutuwa shi ne hoton ƙirji na na'urar CT. A wani babban gwaji a Amurka mai mutum fiye da 53,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2011, hoton nan ya rage mutuwa daga sankarar huhu da kashi 20 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka daɗe suna shan taba. Gwajin kaki da na jini mataimaka ne da ake ƙoƙarin kyautatawa, ba su maye gurbinsa ba.

MAGANIN DA KE ƁAMƁARE LIƘI

Tun da yake rubutun yana nan, liƙi ne kawai ya rufe shi, sai masana suka yi tunani: in aka sami abin da zai narkar da ƙaron, ai birki zai koma bakin aikinsa. Abin mamaki, maganin ya riga tunanin zuwa. A 1964 masana a birnin Firag, a ƙasar da a lokacin ake kira Cekoslobakiya, suka haɗa wani magani mai suna azacitidine. Da fari an yi ta ba da shi da yawa domin ya kashe ƙwayoyin sankara kai tsaye, sai ya zama yana wahalar da marasa lafiya ƙwarai, aka ture shi gefe. A 1980 Peter Jones da Shirley Taylor a Amurka suka gano ainihin aikinsa. Maganin yakan shiga cikin zaren ya kama ma'aikacin da ke maƙala metil. Saboda haka duk sa'ad da ƙwaya ta rabu, sabuwar ba ta gādon liƙin duka, shafukan da suka rufu sai su fara buɗuwa. Don wannan aiki kuwa ɗan kaɗan ake bukata.

A 2004 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da azacitidine domin wata cutar ɓargo da kan kai ga sankarar jini. A 2006 ta amince da ɗan'uwansa decitabine, a wannan shekara kuma ta amince da vorinostat, wanda shi aikinsa sassauta naɗin zare ne a jikin histon, domin wata sankarar ƙwayoyin jini da ke fitowa a fata. Wannan ya tabbatar cewa dabarar ba tatsuniya ba ce. Mutane da yawa masu cutar ɓargo sun ƙara kwana ta dalilinta.

TO, HUHU FA?

A nan ne labarin ya zama na tafiyar hawainiya. An gwada vorinostat tare da magungunan sankara na kullum a kan mutum 94 masu sankarar huhu, aka buga sakamakon a 2010. Ƙarin ya ragu a jikin kashi 34 cikin ɗari na waɗanda suka sami vorinostat, a ɗaya ɓangaren kuwa wajen kashi 12 ne kawai. Aka yi murna. Amma wani gwaji mafi girma bai nuna ƙarin kwana ba, aka tsayar da shi.

A 2011 Rosalyn Juergens da abokan aikinta a Johns Hopkins suka ba mutum 45 azacitidine kaɗan tare da wani mai sassauta naɗi, entinostat. Dukansu cutarsu ta yi nisa, an kuma riga an gwada musu wasu magunguna ba nasara. A jikin mutum ɗaya ƙarin ya ɓace ɗungum har wata 14. A jikin wani kuma ya ragu ƙwarai, wanda ya bazu zuwa hanta ma ya ɓace. Sauran ba su sami irin wannan ba, rabinsu ba su wuce wata shida da 'yan kwanaki ba. Sai dai an lura da wani abu. Cikin mutum 19 da aka ba wani magani dabam daga baya, 4 sun sami sauƙi fiye da yadda aka zata, kamar dai maganin farko ya tausasa ƙasa ne domin na biyu ya shiga.

Wannan ya kawo sabon tunani. Ƙwayar sankara takan liƙe shafukan da ke sa garkuwar jiki ta gane ta, ta zama kamar ɓarawon da ya rufe fuska. In an buɗe shafukan, wataƙila magungunan zamani masu ta da garkuwar jiki za su fi kama ta. An gwada haka a kan mutum 100, aka ba dukansu wani maganin garkuwa mai suna pembrolizumab, rabi aka haɗa musu da azacitidine na haɗiya, rabi kuma da ƙwayar da ba kome a cikinta. Sakamakon da ya fito a 2019 bai nuna wani bambancin kirki ba, waɗanda aka haɗa wa maganin ma sun fi shan wahalar tashin zuciya da amai.

Me ya sa abin da ya yi aiki a jini ya gagara a huhu? Dalilai sun haɗa da cewa jiki yana saurin lalata maganin kafin ya ratsa dunƙulallen ƙari. Sa'an nan maganin ba ya zaɓe, yakan buɗe shafin da ake so da wanda ba a so. Yana kuma rage ƙwayoyin jini, abin da ke jawo kasala da saurin kamuwa da wasu cututtuka. Saboda haka masana suka juya ga wasu dabaru, kamar shaƙa maganin kai tsaye zuwa huhu, da neman alamar da za ta nuna tun farko wanda zai amfana. Zuwa ƙarshen 2024 babu ko ɗaya cikin magungunan nan da hukumar ta Amurka ta amince da shi domin sankarar huhu. Duk wanda ya zo maka da kwalba ya ce ga maganin da ke gyara ƙwayoyin gado ya warkar da huhu, riƙe kuɗinka.

ABIN DA JIKI KE YI DA KANSA

Yanzu mu komo ga ɗan'uwanmu mai cewa ya makara. A 2016 aka buga wani babban bincike da ya duba jinin mutum kusan 16,000. An ga cewa shan taba ya taɓa tsarin metil a ƙwayoyin gado fiye da 7,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na littafin duka. Amma ga albishir. A jinin waɗanda suka bar taba, yawancin wuraren nan sun koma kamar na wanda bai taɓa sha ba cikin shekara 5. Akwai 'yan kaɗan da suka ƙi komawa ko bayan shekara 30. Wato tabo yana raguwa ƙwarai, ko da yake ba ya gogewa duka.

A 2020 kuma masana a Ingila suka duba ƙwayoyin hanyar numfashi ɗaya ɗaya. A huhun waɗanda suka bar taba sun tarar da wani rukuni na ƙwayoyi masu lafiya, kusan kamar hayaƙi bai taɓa su ba, sun fito suna maye gurbin waɗanda suka lalace. An ga haka har a jikin waɗanda suka yi shekaru masu yawa suna sha. A huhun masu ci gaba da sha kuwa irin waɗannan ƙwayoyi ba su da yawa.

Abin da aka gani a ɗakin gwaji ya yi daidai da abin da aka ƙirga a rayuwar mutane. Richard Doll da abokan aikinsa sun bi likitocin Birtaniya maza fiye da 34,000 tun daga 1951 har shekara 50. Sun tarar cewa mai shan taba yakan yi hasarar wajen shekara 10 na rayuwarsa. Wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukan goman. Mai shekara 40 ya tsira da 9, mai 50 ya tsira da 6, mai 60 ma ya sami 3. Bayan shekara 10 zuwa 15 da bari, haɗarin sankarar huhu yakan ragu da kusan rabi. Ɗan'uwa, shekara uku tare da jikokinka ba ƙaramin abu ba ne, balle tara.

KADA A RUƊE MU DA ƘWAYOYI

Wani zai ce, to ba wani abin da zan riƙa sha ya kare ni ina ci gaba da tabata? An nemi wannan hanya. A 2003 Belinsky ya nuna cewa haɗa decitabine da wani mai sassauta naɗi ya rage ƙarin huhu da fiye da rabi a jikin ɓerayen da aka ba gubar taba. Amma ɓera ba mutum ba ne, ba kuwa za a ɗauki mai lafiya a yi ta ba shi maganin da ke rage jini ba. A 2010 kuma binciken masu shan taba wajen 1,100 a New Mexico ya nuna cewa masu yawan cin ɗanyun ganyaye ba su cika samun shafukan tsaro a liƙe a kakinsu ba. Wannan dalili ne mai kyau na riƙe miyar ganye, amma ba ya nufin ganye yana wanke hayaƙi.

Akwai darasi mai ɗaci a nan. An daɗe da lura cewa masu cin karas da ganyaye ba su cika kamuwa da sankarar huhu ba, sai aka zaci wani sinadari ne da ke cikinsu, mai suna bita-karotin. A ƙasar Finlan aka tara maza masu shan taba fiye da 29,000, aka riƙa ba wasunsu ƙwayar sinadarin. Da sakamako ya fito a 1994, sai ga shi sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin ɗari a cikin masu shan ƙwayar. Wani gwaji irinsa a Amurka mai mutum fiye da 18,000 tilas aka tsayar da shi a 1996, gama ƙaruwar ta kai kashi 28. Abin da ke da amfani a cikin miya, da aka dunƙule shi a ƙwaya aka ba mai shan taba, sai ya zama cuta.

BA MAI SHA KAƊAI BA

Hayaƙi ba ya tambayar wanda ya kunna shi. A 2016 aka duba jinin jarirai fiye da 6,600, aka tarar cewa waɗanda iyayensu mata suka sha taba da juna biyu, an haife su da canjin metil a wurare fiye da 6,000, da yawa daga cikinsu irin na manya masu sha ne. Yaro bai taɓa riƙe kara ba, amma ya zo duniya da alamar. Matar da mijinta ke busa mata hayaƙi a ɗaki ita ma tana cikin haɗari. Shisha da matasa suka runguma kuwa taba ce, ruwan da ke cikin tukunyar ba ya tace gubar.

Akwai kuma hayaƙin murhu. A wani yanki mai suna Xuanwei a kudancin ƙasar Sin, mata ba su shan taba, amma suna cikin waɗanda sankarar huhu ta fi kashewa a ƙasar, domin suna girki da kwal a cikin ɗaki ba mafitar hayaƙi. Binciken da aka buga a 2002 ya nuna cewa gidajen da suka sa bututun hayaƙi, cutar ta ragu a cikinsu ƙwarai. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa hayaƙin kwal na cikin gida a jerin abubuwan da lalle ke kawo sankara, na itace kuma a jerin waɗanda ake kyautata zaton suna kawowa. Tun da yake yawancin iyayenmu mata da itace suke girki, da goyo a baya, wannan magana tamu ce. Taga a ɗakin girki, busasshen itace, girki a fili in hali ya yi, da nisantar da yara daga bakin murhu, duk ba su bukatar kuɗi mai yawa.

A Nijeriya dokar taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Doka tana takarda, amma uban da ke aiken ɗansa sayo masa taba shi ke fara koya masa hanyar.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Masana suna nan suna neman yadda za su buɗe shafin da hayaƙi ya liƙe. Sun yi nasara a wasu cututtukan jini, a huhu kuwa da sauran tafiya. Amma jikin mutum ya riga ya iya wani sashe na aikin, abin da yake jira kawai a daina hura masa hayaƙi.

Saboda haka, in kana sha, sa rana ka bari, ka gaya wa iyalinka da abokanka domin su tsaya maka. Makonnin farko su ne masu wuya. In ka faɗi ka sake tashi, gama yawancin waɗanda suka bari ba a karo na farko suka yi nasara ba. Ka nemi shawarar likita, akwai magungunan da ke rage ƙishin taba. In kuwa kai ko wani naka yana tari fiye da mako uku, ko yana ganin jini a kaki, ko yana rama ba dalili, ko muryarsa ta dushe ta ƙi komawa, a tafi asibiti. In an sha maganin tarin fuka ba a ga sauƙi ba, a koma a gaya wa likita, a kuma faɗa masa gaskiyar shekarun da aka yi ana shan taba.

Wanda ya ce ya makara, yanzu ya ji abin da aka gani a cikin jini da huhun waɗanda suka bari. In kunne ya ji, jiki ya tsira.